Ranar da Injiniya Ya 'Yanta Kwamfutar Matarsa

Injiniya bai taɓa zama a ajin injiniyanci ba. Sunan ya samo shi ne shekarar da ya kwance fankar shagon matarsa don ya ga abin da ke ƙara a ciki. Da ya mayar, kusoshi huɗu suka rage a hannunsa, fankar kuma ta koma juyawa da baya, tana kwashe iskar mutane tana kai wa silin. Maƙwabta suka liƙa masa sunan don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a gaban teburin da yake sayar da caja da murfin waya, nan bakin ƙofar shagon.

Matar tasa tela ce, kowa a layin Anti Tela yake ce mata. Kekuna biyu gare ta, da injin surfani guda, irin wanda ake zana ado a kwamfuta, a zuba a filas, wato ɗan abin ajiyar fayil, a soka masa, ya ɗinka da kansa. Injin ya kwana biyu. Ɗan allonsa ya tsage, ba ya nuna hoto, sai sunan fayil da yawan ɗinkin da ke ciki. Kwamfutar ma tsohuwa ce, in ta kunna ta sai ta share shago ta dawo kafin ta farka. Amma a cikinta aikin shekara tara yake kwance: bajon makarantu, tambarin shaguna, furannin wuyan riga, kowanne da sunansa.

A makon da abin ya faru, aikin makarantar ƙarshen layi ne a hannunta. Bajo arba'in a rigunan yaran da za a yaye ran Asabar, da sabuwar tuta koriya da za a ɗinka wa tambarin makarantar a tsakiya. Shugabar makarantar da kanta ta kawo yadin tutar, ta ce daga nesa aka aiko shi, kuma babu wani. Shekara takwas Anti Tela ke yi musu aiki, kuma ta san wani sabon shago mai manyan injina a bakin titi ya fara yawan kai wa Shugabar gaisuwa.

Ran Litinin Injiniya ya shigo da waya a hannu, fuskarsa irin ta wanda ya gano abin da duniya ba ta sani ba.

"Maman yara, kin san a kurkuku kike?"

Ta cire allura daga bakinta. "To, Allah ya kawo mai beli. Matsa, ka tare mini haske."

"Da gaske nake. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan, kamfani ne ya yi ta, ya kulle, ya tafi da makulli. Kamar a sayar miki da keke a ce in ya yi ƙara ba ki da ikon buɗe cikinsa. Amma akwai buɗaɗɗiya. Mutanen duniya ne suka taru suka yi ta, kyauta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Ba ta nauyi, ba ta kamuwa da cuta, ba ta leƙen asirinki."

"Wane asiri gare ni ban da awon ƙugun mutane?"

"Shi ma asiri ne."

"A ina ka ji duk wannan?"

"Bincike na yi."

Binciken, kamar yadda ta gano daga baya, bidiyo biyu ne a waya, na biyun ma bai kai ƙarshe ba kati ya ƙare.

Kafin azahar maganar ta cika layi, don Injiniya ba ya riƙe ilimi shi kaɗai. Mai Hoto, wanda shagonsa ke kallon nasu, ya tsallako da kofin shayinsa. Shi mutum ne da bai yarda da duk abin da ba a sa masa farashi ba.

"Kyauta fa ka ce? Injiniya, in abin ya lalace wa za ka kama?"

"Ba ya lalacewa."

"Na ce in ya lalace."

"Sai in buɗe in gyara. Abin da ake nufi da 'yanci ke nan."

Mai Hoto ya ɗaga kai ya dubi fankar, ya daɗe yana kallonta. Mai Feshi, wanda ke yawo gida-gida da tankin maganin ƙwari a baya, yana zaune a benci yana jiran a ɗinke masa aljihu, ya yi dariya har ya ƙware.

Ana cikin haka Mai Kemis ta leƙo karɓar mayafinta. Mace ce mai ƙarancin magana, ta manyanta, gilashinta kullum a kan hanci. Ta saurara kaɗan, ta ce, "Ai ita nake amfani da ita a shagona. Shekara shida ke nan."

Injiniya ya juya, ransa bai so ba, don shi yake son ya zama na farko a layin. "Wataƙila dai ƙaramar ce."

"Wataƙila," in ji ta. "Tana da kyau, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Amma in za ka sa, abu biyu. Kwashe duk kayan da ke ciki ka ajiye a waje tukuna. Sannan ana iya ɗanɗana ta daga filas ba tare da an taɓa komai ba, ka ga ko ta yi daidai da aikin Anti."

"Wannan ai sai masu koyo."

Anti Tela ta ajiye almakashi. "Baban yara, ka ji dai. Ni ko yadin wa aka kawo, sai na gwada a ƙyalle kafin allura ta taɓa shi. Kwamfutar nan kuwa, don Allah, ka bar ta sai bayan Asabar."

"Na ji," in ji shi. Jin da ya yi kuwa, irin na mai jiran a gama magana ne.

Ran Talata da safe ta tafi kasuwa neman zaren ruwan zinariya na tuta. Awa biyu ta yi. Da ta dawo ta tarar da shi a kujerarta, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, baki har kunne. A allon kwamfutar wani koren kwaɗo ne zaune yana murmushi.

"Barka da fitowa daga kurkuku. Kashe ki kunna ki gani."

Ta kashe ta kunna. Gaskiya ɗaya ce, kafin ta ajiye jaka kwamfutar ta farka, garau, kamar an sake haihuwarta. Har ta ɗan ji daɗi a ranta.

"Ma sha Allah. To ina zanena?"

"Yana nan. Ni da za a koya wa? Sai da na kwashe komai tas na ajiye."

"A ina?"

"A wani lungu na musamman. Na sa masa suna, Kar A Taɓa."

"Lungun a ina yake?"

"A cikin kwamfutar mana."

Ya shiga nema. Ya danna nan, ya danna can. Ya buɗe wani baƙin allo ya rubuta wasu kalmomi da ya kwafo daga waya, allon ya mayar masa da amsa layi ɗaya, ya gyaɗa kai kamar sun fahimci juna.

"Me ta ce?"

"Tana tunani."

"Baban yara, lokacin da kake sawa, ba ta tambaye ka komai ba?"

"Ta yi wata 'yar tambaya, ko a share komai a fara sabuwar rayuwa, ko a zauna tare da tsohuwar. Ni kuwa ba na raba gida da azzalumi."

Ta zauna a hankali. Ta yi salati a ranta, ta ja numfashi. Ba ta tashi hankalinta ba, saboda tana da abin da bai sani ba. Kamar yadda duk rigar da ta yanka take ajiye samfurinta na takarda, haka duk zanen da ta yi take zuba kwafinsa a wani baƙin filas da ke ƙasan gwangwanin maɓallai. Ta miƙa hannu ta sauko da gwangwanin, ta juye shi a tebur. Maɓallai suka watse. Ta baza su da yatsa, ta sake bazawa.

"Me kike nema?"

"Wani baƙin filas."

"Mai ɗan jan zare a wuya? Ai ga shi nan a jikin kwamfuta. Da shi na yi aikin. Ki ga ikon Allah, ina cikin neman wanda zan zuba sabuwar manhajar, sai na tsince shi cikin shara."

"Gwangwanin maɓallaina ne shara?"

"To, ya yi kama. Kuma ya ce sai an wanke shi kafin a zuba, na wanke."

Anti Tela ta dube shi. Shekara ashirin da biyu suna tare, ta san ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi, don mugu yakan huta. Ta tattara maɓallanta ɗaya bayan ɗaya ta mayar, ta rufe gwangwanin, sannan ta ce, "Asabar saura kwana huɗu."

"Kafin la'asar an gama."

La'asar ta yi ta wuce. Laraba ta waye. A tsakanin nan Injiniya ya yi nasarar mayar da rubutun kwamfutar wani harshe da babu mai karanta shi a layin, ya juya allon ya koma kwance har sai an karkata wuya, sannan ya sa lasifikar ta riƙa karanta duk abin da aka taɓa da muryar wani ƙato. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya tsaya kallo. Wata tsohuwa da ta kawo zani ta tambaya ko aljanu ne, ya ce mata a'a, ci gaba ne.

Mai Hoto ya tsallako da shayinsa, yana tafe yana rangaji.

"Injiniya, ya 'yanci?"

"Ana kan hanya."

"Na ga har allon ya samu, ya kwanta yana hutawa." Ya juya wurin Anti Tela. "Anti, share hawayenki. Ni na yi wa makarantar nan katin shaida, tambarinsu na wurina. Kawo faifan manhajar surfaninki mu sa a tawa, ki sake zanawa. Tawa ta kamfani ce, mai lasisi, mai asali. Abin da aka biya daban yake."

Ta ɗauki faifan ta bi shi, rabin layi suka bi bayansu. Mai Hoto ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya kunna. Allon ya yi shuɗi, ya rubuta cewa ana sabunta manhaja, kada a kashe, an kai kashi uku cikin ɗari.

"Yanzu za ta gama. Kulawa ce irin ta kamfani."

Aka yi minti arba'in, ta kai kashi tara. Injiniya, wanda ya laɓe a bakin ƙofa, ya fara samun lafiya.

"Ka ce mata muna sauri mana."

"Ba a katse ta."

"Au, ba taka ba ce? Na ɗauka kai ka saya."

Bayan awa biyu ta kai kashi casa'in da tara, ta tsaya nan kamar an dasa ta, sannan ta sanar cewa abin bai yiwu ba, tana mayar da komai yadda yake. Da ta gama mayarwa sai ta fito da wani rubutu a kusurwa. Mai Feshi, da yake ya fi kowa kusa, ya karanta da ƙarfi: wannan kwafin ba na asali ba ne, a tuntuɓi kamfani.

Kowa ya juya ya dubi Mai Hoto.

"Mai asali," in ji Injiniya a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma.

"Wanda ya sayar mini ya rantse."

"To kama shi mana. Ba ka ce ku kuna da wanda za ku kama ba?"

Anti Tela ta bar su suna yi, ta zare faifanta, ta wuce kai tsaye shagon Mai Kemis. Ta same ta tana jera kwalabe.

"Yaya, na zo ne ba don na san abin da zan roƙa ba."

Mai Kemis ta saurare ta har ƙarshe, ta tura gilashinta sama. "Tun jiya nake jira a kira ni, ban so in shiga tsakaninki da maigidanki ba. Je ki kashe kwamfutar yanzu, kada a ƙara taɓa ta. Sharewar nan, sau da yawa sunayen da ke ƙofa ake gogewa, kayan suna ciki, in dai ba a ɗora wasu a kansu ba. Duk dannawar da yake yi, ɗorawa yake."

Ran Alhamis da safe Mai Kemis ta zo da nata filas, ta zauna, ta miƙar da allon, ta sallami ƙaton da ke magana, ta sa wata 'yar manhaja ta shiga tono. Injiniya na tsaye a kanta yana cewa, "Yauwa, nan nake shirin zuwa." Kafin hantsi ya yi zafi fayiloli suka fara fitowa. Ɗari shida da goma sha ɗaya aka samu, cikin kusan dubu.

"Da me kika tono su?" in ji Mai Hoto daga taga.

"Da buɗaɗɗiyar. Kyauta."

Injiniya ya buga ƙirji. "Kun ji ko? Me na ce muku?"

"Ita ta tono," in ji Mai Kemis, "kai ka binne." Ta juya wurin Anti Tela. "Ga inda matsalar take. Sun dawo babu suna, sai lamba. Kuma manhajar da ke nuna hoton surfani ta kamfani ce, ba ta zama a nan. Akwai irinta a buɗaɗɗiyar, da yamma in na rufe shago zan zo in sa miki. Kafin nan kada a ɗinka komai." Ta zuba su a filas ɗin ta bar wa Anti Tela, ta koma wurin masu jiran magani.

Anti Tela ta yi hamdala. Ta goge yadin tutar ta ninke, ta ɗora zaren zinariya a inji don ya zama a shirye. Da aka kira azahar ta shiga ɗan ɗakin baya inda take ajiye darduma, ta ce, "Baban yara, ka ji abin da ta ce."

"Na ji."

Abin da ba ta sani ba, tun safe ya bi layi yana gayyata, wai bayan azahar za a ga aikin farko da 'yantacciyar kwamfuta ta haifa. Har ya aika wa Shugabar makaranta cewa ta zo ta ga tutarta.

Ta tayar da salla ke nan, ta ji shagon yana cika da muryoyi. A raka'a ta farko ta ji muryar Shugabar tana tambayar ina Anti. Ta ji mijinta yana cewa ba sai an jira ta ba, aikin yanzu na ilimi ne. Ta ji Mai Hoto yana tambaya ta yaya ya san wanne ne tambarin cikin ɗari shida, ta ji an ba shi amsa cewa tambarin makaranta babban abu ne, saboda haka fayil ɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne. A raka'a ta biyu ta ji ƙarar zoben da ake ɗaure yadi a ciki ya kama, ƙwas. Wani ya ce, "Ba za a gwada a ƙyalle ba?" Mijinta ya ce, "Mai shakka ke gwaji."

Sai injin ya tashi.

Anti Tela ta san muryar injinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Tambarin makarantar da dogon zagaye yake farawa, ɗinki mai santsi, ba tsayawa. Wannan kuwa cika ciki yake yi, dirr, dirr, sannan ya koma gajeru-gajeru masu karyewa. Zuciyarta ta ce ta sallame ta ruga. Ta nemi tsari daga shaiɗan, ta riƙe sallarta, ta cika ta yadda ake cikawa, ko da yake Allah ya sani ba ta taɓa jin raka'a huɗu sun yi tsawo irin na ranar ba.

Ta fito ta tarar da mutane sun yi da'ira. Injiniya na tsaye gefen inji yana bayani da hannu.

"Wannan dogon jikin da kuke gani, littafi ne a rufe. Ilimi ke nan kafin a buɗe shi."

"Waɗannan na gefe fa?" in ji Shugabar. Doguwar mace ce mai muryar da ke sa yara ɗari uku su yi shiru.

"Alƙaluma ne, ranki ya daɗe."

"Guda shida? Masu gwiwa?"

"Sabon salo ne."

"Tambarinmu fitila ce da littafi a buɗe."

"Fitilar na zuwa."

Injin ya matsa sama, ya ja wasu siraran layuka biyu dogaye masu lanƙwasa. Mai Feshi ya kutsa kai, ya leƙa, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari.

"Kai, wannan ai nawa ne. Anti, ba shi kika sa mana a bayan rigunan aiki ba? Ku jira, yanzu zai rubuta Ba Ma Barin Ko Ɗaya a ƙasa."

Anti Tela ta miƙa hannu ta kashe injin.

A tsakiyar koriyar tutar makaranta, da zaren zinariya mai ƙyalli, kyankyaso ne kwance, ya kai tafin hannu biyu, ƙafafu shida, gashin baki biyu. Aikin ya fita tsaf, don zanenta ne, kuma ba ta yin aikin banza.

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a titi suka tsaya. Mai Hoto ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, ya tashi ya ɗauki hoto, ya koma ya zauna. Injiniya ya buɗe baki ya ce, "A gaskiya, idan aka duba ta wani ɓangaren," sai Shugabar ta dube shi irin kallon da take yi wa yaron da ya zo a makare, maganar ta maƙale.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta juya wurin Anti Tela. "Shekara takwas ban taɓa dawo miki da aiki ba. Jibi iyaye za su cika makaranta. Ki faɗa mini gaskiya, in kwashe rigunan in kai bakin titi?"

Anti Tela ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta ce, "Malama, ba ni minti goma, kina tsaye."

Ta kwance tutar ta ajiye gefe. Ta ɗauko ƙyalle daga kwandon tarkace ta ɗaura a zobe. Sannan ta sunkuya kan ɗan tsagaggen allon injin tana wuce fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ba ta kallon lambarsu, yawan ɗinkin kawai take dubawa. Bajon makarantar nan ta ɗinka shi ya fi sau dubu biyu, kuma duk lokacin da za ta ɗinka sai allon ya nuna mata adadin: dubu shida da ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta san shi kamar ranar haihuwar 'ya'yanta. A fayil na ɗari da tamanin da wani abu ta tsaya, ta yi bismilla, ta danna.

Injin ya ɗauki dogon zagaye mai santsi. Kafin ya rufe da'irar ta san shi ne. Fitila ta fito, littafi ya buɗe.

Shugabar ta karɓi ƙyallen ta juya shi gaba da baya. "Rigunan sun tsira. Tutar fa? Na gaya miki babu wani yadin."

"Babban tambarin na nan kusa da wannan, tare na zana su. Wancan kuma za a warware shi."

"Wa zai warware wannan uban ɗinki kafin jibi?"

Anti Tela ta buɗe aljihun keke, ta ɗauko ɗan ƙarfen warware ɗinki, ta miƙa wa mijinta da hannu biyu, cikin ladabi.

"Baban yara, ga shi a buɗe. Kowa na iya shiga ya gyara."

Sauran yinin Alhamis da Juma'a duka, in ban da lokacin salla, Injiniya na kan benci a bakin shago, tuta a cinya, gilashin Mai Kemis na aro a hanci, yana tsince kyankyaso zare ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya wuce sai ya yi masa sannu da aiki. Mai Feshi ya tsaya ya ce in ya gagara a kira shi, sana'arsa ce. Mai Hoto kuwa bai samu damar tsokana sosai ba, don tasa kwamfutar ta sake shiga sabuntawa, masu fasfo sun yi layi suna zaginsa.

A ciki, Mai Kemis ta raba kwamfutar gida biyu, ta mayar da ta kamfani a ɗaki ɗaya saboda manhajar surfani, ta bar buɗaɗɗiyar a ɗayan saboda saurinta. Ta ce, "Ki zauna da duka biyun, kowacce da abin da ta iya." Sannan ta sa kalmar sirri, ta raɗa wa Anti Tela a kunne. Filas kuma aka sayi biyu, ɗaya ya koma gwangwanin maɓallai, ɗaya ya tafi kemis ya kwana cikin kwalabe.

Ran Juma'a da yamma aka ɗinka babban tambarin a kan gurbin, ya rufe jiki da ƙafafu ruf.

Ran Asabar yara arba'in suka jeru da bajonsu, aka ja tuta sama. Anti Tela na cikin iyaye tana ta hamdala a ranta. Shugabar ta hango ta, ta ɗaga mata hannu, ta nuna rigunan 'yan aji ɗaya da za a ɗinka na sabon zango, alamar aikin na nan. Sai iska ta buɗe tutar, rana ta bugo ta baya. A saman fitilar, inda tambarin bai kai ba, huda-hudar allura ta bayyana, siraran layuka biyu dogaye masu lanƙwasa.

Wata uwa da ke kusa ta ƙanƙance ido. "Waɗancan biyun na sama fa, mene ne?"

Injiniya, yatsunsa uku naɗe da filasta, ya gyara tsayuwa.

"Hasken ilimi ne yake tashi daga fitilar. Ni na ƙara musu."

Matar ta ce ma sha Allah. Ya sunkuyo wurin matarsa, ya rage murya. "Maman yara, injin nan naki ma fa, na lura manhajar da ke cikinsa ta kamfani ce."

Anti Tela ba ta ɗauke ido daga tutar ba. Ta laluba jakarta, ta tabbatar makullin shagon na ciki, ta zuge zif ɗin, ta rungume jakar a ƙirji.